Mu ceto muryoyin iyayenmu kafin zaren kaset ya ruɓe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai gyaran rediyo da rakoda ne, a kan wannan sana'a na yi furfura, kuma maganar tawa a kan tsofaffin kaset-kaset ne da ke jibge a gidajenmu.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, aka buɗe adakarta domin rabon gado. A ƙarƙashin zannuwa muka tarar da wani tsohon gwangwanin biskit, a cikinsa akwai kaset goma sha bakwai. Mafi yawansu tafsirin azumi ne na marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ta riƙa sa mu naɗa mata daga Rediyon Kaduna. Amma uku daga ciki wasiƙu ne. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. A da, mutum idan ya yi tafiya mai nisa, shi bai iya boko ba, matarsa ma ba ta karatu, sai ya sayi kaset, ya danna jan maɓallin rakoda, ya faɗi duk abin da ke ransa, ya ba alhazai masu dawowa su kawo gida. Mahaifinmu ya yi shekara huɗu yana ɗinki a Jidda, kuma ta haka muke jin lafiyarsa. A ciki yana gai da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ko an yaɓe soron baya kafin damina, yana jan kunnen yayanmu a kan makarantar allo. Kana jin ƙahon motoci a bayansa, kana jin ɗan tarin nan nasa da yake yi kafin ya soma magana mai nauyi. Yau shekara ashirin da wani abu ke nan da rasuwarsa, hotonsa guda ɗaya ne tak a gidan, amma ga muryarsa ta kusan awa uku a cikin gwangwani.

Ina asibiti a lokacin, sai ƙanena ya ɗauki ɗaya daga cikin ukun, da kyakkyawar niyya, ya kai wani shago a kasuwa inda ake tura waƙoƙi a memori. Yaron shagon ya jawo wata rakoda da ta sha ƙura, ya zura kaset ɗin, ya kara wayarsa a bakin lasifika. Abin da aka samu rabinsa murya ce, rabi ƙarar janaretan maƙwabta. Wannan duk mai sauƙi ne, domin ana iya sakewa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne, ana cikin haka rakodar ta tauna zaren, yaron ya fizgo shi, ya sa almakashi ya datse inda ya cukurkuɗe, ya liƙe da salatif. Da aka kawo mini na tambayi tsawon abin da aka yanke, aka ce bai wuce kamu biyu ba, wato wajen mita ɗaya. Zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 ne a kowace daƙiƙa, saboda haka mita ɗaya magana ce ta daƙiƙa ashirin da ɗaya. A daidai wurin nan ne Baba yake sa wa 'ya'yansa albarka da sunayensu. Na farko da na biyu suna nan, na ƙarshe ma yana nan, amma sunayen ƙannena mata biyu sun tafi kwandon shara. Ban ga laifin yaron ba sosai, domin an haife shi bayan zamanin kaset ya wuce, babu wanda ya koya masa. Shi ya sa na ga ya wajaba in rubuto.

Wanda duk ya tarar da irin wannan kaset, kada ya yi gaggawar sa shi a rakoda. Ya fara duba bakinsa na sama, akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, ya ɓalle su, domin da zarar an ɓalle su jan maɓalli ba zai dannu ba, balle a goge maganar bisa kuskure. Ya ɗaga shi a haske ya leƙa ta tagar tsakiya. Idan ya ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, funfuna ce, kada a kunna shi sai wanda ya san aikin ya share shi. Ya duba ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zare a tsakiyar baki, wanda yake danna zaren a jikin hed, wato ɗan ƙarfen rakoda da ke karanta sautin da ke kan zare, saboda gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma in babu shi murya ba za ta fito da kyau ba. Sannan ya zura biro a ramin ya juya a hankali. Idan yana juyawa sumul, madalla. Idan yana cijewa, a kwance sukurori biyar ɗin nan a mayar da zaren cikin wani gidan kaset mai lafiya. A yi hattara musamman da mai lamba 120, wato mai minti 120, domin zarensa ya fi na 60 da na 90 siranta, abu kaɗan yake tsinka shi.

Rakoda ita ce rabin aikin. A samu babba irin ta ɗaki wadda take da ramukan fitar da sauti a baya, ja da fari. A jiƙa auduga da sifirit a goge hed, a goge siririn ƙarfen da ke juyawa da baƙar robar da ke matse zare a jikinsa. Wannan robar ce take tauna kaset idan ta yi datti ko ta bushe. Bel ɗin ciki kuwa, in rakoda ta daɗe a ajiye, ko dai ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, sai an canza. Kuma a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Kada a yi aikin da batir, domin idan ya fara sanyi murya takan ja, ka ji dattijo yana magana kamar mai barci, a haka kuma za ta zauna a kwamfuta har abada.

Akwai wani sirri da mu masu gyara muka sani. A gefen hed akwai ɗan ƙaramin sukuru mai sifirin a ƙarƙashinsa, shi yake daidaita tsayuwar hed. Kowane kaset a kan tsayuwar rakodar da ta naɗe shi yake, saboda haka in ka sa shi a wata sai ka ji murya a dishe kamar an rufe bakin mai magana da bargo. Kana saurare, ka sa ƙaramar sukudireba ka ɗan murɗa shi dama ko hagu, kaɗan-kaɗan, har ka ji “s” da “ts” sun fito tar. Ranar da na yi wa kaset ɗin Baba haka, sai ga ƙarar keken ɗinki ta bayyana a bayansa, wadda duk tsawon shekarun nan ban taɓa sanin tana ciki ba. Na ajiye sukudireba na daɗe ban iya ci gaba ba.

Daga nan sai haɗi da kwamfuta. Kebul ne mai kai biyu, ja da fari, a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma siririn kai irin na abin sauraro na kunne. A sa shi a ramin shigar da sauti, wanda a manyan kwamfutoci yawanci shuɗi ne, kada a sa a na makirfo, domin sautin rakoda ya fi ƙarfinsa, zai fashe. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu galibi ba su da wannan rami, sai an sayi ɗan akwatin sauti da ake maƙalawa ta USB. Manhajar da nake aiki da ita sunanta Audacity, kyauta ce, jikana ne ya sauke mini ita ya koya mini a yini biyu. Kafin a soma, a nemi inda sauti ya fi ƙarfi a kaset ɗin, a rage har ma'aunin sauti da ke cikin manhajar ya daina taɓa ja. Sannan a mayar da zare farko, a danna naɗi a kwamfuta, a kunna rakoda, a zauna. Kaset na minti 90 minti 90 zai ci, babu hanyar ratse, kuma kada a tashi a bar shi, domin in zare ya fara cukurkuɗewa kunne ne zai fara sani.

Wurin ajiya ne mutane da yawa suke yin asara. A ajiye kwafin farko a tsarin WAV, aƙalla a kan 44,100 da bit 16, wato ingancin faifan CD. Minti ɗaya yana cin wajen megabayit 10, kaset mai lamba 90 kuma kusan 900, saboda haka filas mai gigabayit 32 zai ɗauki kusan talatin ko fiye. Wannan kwafin kada a taɓa shi. Daga jikinsa ake fitar da MP3 mara nauyi a raba wa dangi, domin MP3 zubar da wani ɓangare na sautin yake yi don ya rage nauyi, abin da ya zubar kuwa ba ya dawowa. Haka nan maɓallin rage shuuu ɗin nan na kaset, in aka cika masa hannu sai murya ta koma kamar ta wanda yake magana a cikin randa. Ni na fi son in ji Baba da shuuu ɗinsa. A ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, ɗaya a wani gida daban, domin waya takan ɓata, filas yakan mutu ba sallama. Kaset ɗin kansa kuma kada a yar, a sa shi a gidansa, a tsaye, nesa da rana da danshi da bayan lasifika, saboda maganaɗisun da ke ciki.

Malam Edita, abin da yake tayar mini da hankali shi ne lokaci. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ya yi zamaninsa ya wuce. Zaren yana iya jurewa shekaru masu yawa in an adana shi, amma na'urar da za ta karanta shi ita ce take ƙarewa. A 2019 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin kunna irin wannan zare da kayan gyaransu suna gab da ɓacewa. Ni ban buƙaci a gaya mini ba. A layinmu na masu gyara mun fi goma a da, yanzu saura mu biyu, sauran sun rasu ko sun koma gyaran waya. In ina neman bel ko hed, sai na bi 'yan gwangwan na sayi matacciyar rakoda na ciro, su kuwa a kilo suke sayar da ita a narkar.

Manyan malamai da manyan mawaƙa ba su nake ji wa ba sosai. Shehu Gumi ya rasu tun 1992, amma tafsirinsa yana cikin wayoyin mutane har gobe, domin yana da almajirai da suka tsaya masa. Wa zai tsaya wa malamin zaure da ya yi shekara arba'in yana karantar da fiƙihu a unguwa, wanda wani almajiri ya naɗi darasinsa a kaset biyar? Wa zai tsaya wa tsohuwar da aka naɗi waƙarta ta daka ranar biki, ko makaɗin noma na ƙauye, ko dattijon da ya zayyana asalin gidansu kaka da kakanni? Hausar da ke cikin waɗannan kaset-kaset ma kanta dukiya ce, akwai kalmomi a bakin Baba da rabona da jin su tun ina yaro.

Saboda haka ina kira ga Gidan Arewa da ke Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da gidajen rediyon jihohinmu, su ware ɗaki ɗaya da rakoda biyu masu lafiya da kwamfuta, inda talaka zai kawo kaset ɗinsa a juya masa, a ba shi kwafinsa, in ya yarda su ma su ajiye nasu. Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe don tunawa da adana sauti da hoto, ana iya buɗe aikin a ranar. A nemo mu tsofaffin masu gyara mu koya wa matasa tun idanunmu suna ganin sukuru.

Abu na ƙarshe, duk wanda ya juya kaset, ya ɗauki takarda ya rubuta wane ne yake magana, a ina, wace shekara, kuma ya sa wannan bayani a sunan fayil ɗin. A ƙarshen wasiƙar Baba ta uku akwai muryar wata mata da ta karɓi rakoda ta yi gaisuwa ta minti biyu, tana kiran mahaifiyarmu da wani suna da ba mu taɓa ji ba. Duk gidan babu wanda ya gane ta. Na ɗauki waya na tafi ƙauye wurin gwaggonmu, wadda ta haura shekara tamanin, na kara mata a kunne. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Da ya ƙare karo na biyu sai ta share ido da bakin mayafi, ta ce ai ƙanwar kakarmu ce, wadda ta tafi Makka ta hanyar Sudan tun tana budurwa ba ta dawo ba. Na rubuta sunan a jikin kaset ɗin a nan gabanta.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tsohon mai gyaran rediyo,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.