Anti ki taimaka, ƙawaye na neman kai min ƙanwa su baro

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah ki sakaya sunana. Daga Tudun Wada nake nan Kaduna, ɗinki nake yi a gida, kuma maganar ƙanwata ce ta hana ni barci yau kwana biyar kenan.

Shekararta 16, tana SS2, tun rasuwar Ummanmu ni nake riƙe da ita. Yarinya ce mai kunya wallahi, ko baƙo aka yi sai ta shige ɗaki, ba ta fashin islamiyya. To ranar Asabar an ɗauke wuta wayata ta mutu, na ari tata zan kira wata mai kaya da na ce ta zo ta karɓi ɗinkinta, kawai saƙo ya faɗo daga wani gurup ɗinsu na WhatsApp su shida 'yan ajinsu, ni kuma shaiɗan ya ja ni na buɗe. Na san ban kyauta ba, amma da ban buɗe ba fa?

Anti ashe akwai wani mai POS a bakin titin makarantarsu, zai kai 25, shi yake sa mata data yana biya mata kuɗin keke, da Sallah har wurin shaƙatawa na Gamji ya kai su ya saya musu shawarma. Yanzu ya fara ce mata wai in dai son gaskiya take masa ta zo ɗakinsa ta nuna masa, ai aurenta zai yi. Ta ce masa a'a har sau biyu, na gani da idona. Abin da ya fi ƙona min rai ba shi ba ne ma, ƙawayen ne. Ɗaya ta rubuta mata "ke fa matsalarki ƙauyanci, ustaziya kawai", wata ta ce namiji ba ya zama da wadda ba ta ba shi komai, in ta yi wasa wata za ta ƙwace shi. Har da 'yan hotunan dariya. Sai ƙanwar tawa ta rubuta "to ni tsoro nake ji amma ina son shi, in na ƙi kenan ba na son shi?" Nan fa hawaye ya zubo min a kan keken ɗinki. Yaran nan duk ba wadda ta kai 18, su ma wani ne ya karanta musu wannan karatun suka haddace, yanzu a wajensu abin shi ne soyayya, wadda ta ƙi kuma ita ce bagidajiya.

Na san tun 2020 zamanin El-Rufai aka tsaurara hukuncin fyaɗe a jihar nan, amma shi wannan da lallami yake bi, kuma alhamdulillahi ba a kai ga komai ba tukuna, to me zan je na ce ya yi? In na gaya wa Baba duka ne zai fara, daga nan ya cire ta daga makaranta ya ce aure, ga WAEC ɗinta baɗi kuma burinta ta yi nas. In na ƙwace wayar za ta ara ta ƙawa, na sani don mu ma mun yi yarinta. In na tunkari mutumin kuma unguwa ta ɗauka, sunanta ne zai ɓaci ba nasa ba.

Har yanzu ba ta san na gani ba, jiya ma tare muka ci tuwo tana ba ni labarin jarabawa ina kallonta kawai. Ta ina zan fara mata maganar ba tare da ta daina yarda da ni ba? Kuma iyayen sauran yaran biyar ɗin, na same su ko na yi shiru? Ɗaya daga cikinsu maƙwabciyarmu ce, katanga ce kawai tsakaninmu.

Ina sauraron shirin ranar da za ki karanta in sha Allah. Na gode.

Taki,
wata yaya daga Tudun Wada