Ba a jefa gunkin Ganesh a teku sai an sallami baƙon da ke cikinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na al'adun duniya a kan bikin Ganesh na ƙasar Indiya, wato bikin ɗaya daga cikin abubuwan bautar mabiya addinin Hindu, inda masu gabatarwa suka yi ta dariya, wai mutane sun kwana goma suna bauta wa gunki, daga ƙarshe suka kinkime shi suka jefa a teku. Ni Musulmi ne, ba kare wannan bauta na zo yi ba. Sai dai rabin labari kuka ba mu, kuma rabin da kuka bari shi ne ke bayyana wancan.

A wurin mabiya addinin Hindu, yumɓun da maginin ya sarrafa ba komai ba ne sai an yi masa kira. Malaminsu ko maigida zai karanta addu'o'insu, ya gayyaci abin bautar ya sauko ya zauna a cikin siffar. Daga nan sai a shiga hidima irin wadda ake yi wa babban baƙo: a ba shi wurin zama, a kawo ruwan wanke ƙafa, a yi masa wanka, a tufatar da shi, a shafa masa sandal, a kunna turare da fitila, a ajiye abinci. A cikakken tsari hidimomin goma sha shida ne. Lokacin da nake karatu a birnin Pune na Indiya na ga uwar gidan da nake haya tana yi wa jikokinta tsawa don sun shiga ɗakin bauta da takalmi, tana nuna kusurwar da gunkin yake da yatsa tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada wanda ke zaune ya ji. Ranar ƙarshe sai a yi addu'ar sallama, a roƙe shi ya dawo da wuri baɗi. Abin da ake kaiwa bakin teku a Mumbai, a ganinsu, masauki ne da mai shi ya riga ya tashi.

Irin wannan kiran ne aka yi a garin Ayodhya na Indiya ranar 22 ga Janairun 2024, da Firaminista Narendra Modi a wurin, kafin a buɗe wa jama'a sabon wurin bautar Ram, wani daga cikin manyan abubuwan bautarsu.

Kuma ba wanda aka gayyata kaɗai suke ganin yana halarta ba. Ƙararrawar da muke ji a finafinan Indiya, cewa suke tana kiran na kirki tana korar miyagu. Inda duk ake karatun labarin Ram, sukan shimfiɗa wurin zama a bar shi babu kowa, saboda sun yi imani Hanuman, abin bautarsu mai siffar biri kuma amintaccen hadimin Ram, ba ya rasa irin wannan zama. Da an gama bikin Ganesh kuma sai a shiga makonni biyu na kakanni da suka mutu, a dunƙula shinkafa da riɗi a ajiye. In hankaka ya sauko ya ci, sai hankali ya kwanta cewa saƙo ya isa. Garin Gaya da ke jihar Bihar cika yake yi maƙil a wannan lokaci.

A arewacin jihar Kerala akwai Theyyam, wanda Bahaushe zai fi saurin ganewa don ya san bori: mutum ya sha ado da jan fenti, a yi ta kiɗa har abin ya hau kansa, jama'a su jeru suna kai kuka. Abin lura, yawancin masu yin daga ƙabilun da ake rainawa suke, amma a wannan sa'a har masu ji da asali sai sun rusuna musu.

Shekara da shekaru muna kallon waɗannan abubuwa a fim ba mu san dalilinsu ba, ku ne kuma ya kamata ku faɗa mana. Akwai Indiyawa 'yan kasuwa a Kano da Legas. In za ku sake taɓa wannan batu, ku kira ɗaya ya yi bayani da bakinsa, sannan ku kira malaminmu ya faɗi matsayin Musulunci a kai.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya