Rahoton shekara na kungiyarmu: fure a tasa, kayan lambu a tukunya

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sallah, Allah ya karbi ibadunmu ya maimaita mana. Kamar yadda muka saba shekarar kungiya tana bin lissafin mutanen Japan ne, Afrilu zuwa Maris, to ga abin da muka yi daga Afrilun 2024 zuwa Maris din 2025. Maganar kudi ba ta cikin takardar nan, ma'aji za ta karanto nata ranar taro, ni aikin hannu kawai zan yi magana a kai.

Saboda wadanda suka shigo kwanan nan bari in dan maimaita. Mu matan Hausawa ne mazauna Kyoto da Osaka da kewaye, wasu karatu ya kawo su wasu aure, muna haduwa sau daya a wata. Bara muka yanke shawarar hada abu biyu a zama daya, da hantsi mu koyi ikebana wato jera fure irin na Japanawa, bayan azahar mu shiga kicin mu yi shojin ryori, girkin da ba nama ba kifi ba kwai. Ka'ida daya muka dora wa kanmu, duk abin da zai shiga tasar fure da abin da zai shiga tukunya dole ya zama na watan da muke ciki, shi ne Japanawa ke ce wa shun, lokacin da abu ya nuna ya cika kasuwa ya yi araha. Wallahi ka'idar nan ita ta rike mu shekarar gaba daya, ita ke fada mana me za mu saya ba mu ke zaba ba.

Tun zaman farko wata Hajiyarmu ta daga maganar da ke ran mutane da yawa, ta ce ai an ce abin nan daga gidan bauta ya fito. Gaskiya ta fada kuma ba mu boye ba. Ikebana ta samo asali daga furen da ake ajiyewa gaban Buda, shojin ryori kuma abincin masu zaman gidajen bautar Zen ne, wani bangare na addinin Buda, malaminsu Dogen wanda ya kafa gidan bautar Eiheiji a Fukui har rubutu ya yi a 1237 kan yadda mai dafa wa jama'a zai rike aikinsa. Mun tattauna sosai muka tsaya a kan cewa sana'ar hannu muke koyo, yankan reshe da dafa gwaza, ba ma ajiye wa kowa fure ba ma shiga ibadar kowa. Malamarmu Bajapaniya ta fahimta tun ranar, har ita ke tuna mana lokacin azahar.

Afrilu bayan karamar sallah muka fara. Malamar tamu 'yar bangaren Ohara ce, daya daga cikin makarantun ikebana, su ne suka fito da salon moribana, ana zuba ruwa a tasa mai fadi mara zurfi a sa kenzan a ciki, wani dan karfe mai nauyi da allurai tsaye a kansa, a kan alluran ake soke reshe. Kowa ta zo da niyyar cika tasa kamar furen biki, sai malama ta raba mana reshe biyu da fure uku kacal. Ta zo kan wata kanwarmu ta tsaya ta dade tana kallo, ta dauki almakashi ta cire ganye hudu daga dogon reshen, sai ga lankwasar reshen ta fito, ga ruwan tasar ya bayyana a gefe daya fili ba komai a kai, dakin ya yi tsit. Ranar ta koya mana yanke kara a cikin ruwa don kar iska ta shiga ta toshe hanyar shan ruwa, tun daga nan furen gidana yake kara kwanaki. A kicin kuma takenoko muka yi, tohon gora, wanda yankin yammacin Kyoto ya yi suna da shi. Shi ba ya jira, in ya kwana bauri yake karawa, sai an tafasa shi da dusar shinkafa da busasshen barkono a bar shi ya huce a cikin ruwan kafin a bare. Muka dafa shi cikin shinkafa, romon kuma na kombu ne ganyen teku da busasshen naman kaza na shiitake da aka jika tun dare.

Anan zan tsaya kan maganar da ta fi damuna. Da yawa a cikinmu sun dauka tunda ba nama shikenan ya halatta, ba haka bane. Mirin, ruwan zakin da suke zubawa a girki, na asalinsa giya ce, barasar cikinsa ta kai kashi 14 cikin dari, kuma kusan duk girkin da aka dafa da romo a kasar nan ana zuba shi ko a zuba giyar shinkafa da suke ce wa sake. Miso da shoyu, kayan dandano na waken suya, su ma wasu kamfanoni na kara musu barasa don kar su lalace, suna rubutawa a bayan leda. A watan Mayu mun yi asarar tukunya guda saboda miso din da aka sayo ba a duba ba, sai da aka gama wata daliba ta karanta bayan robar. Daga ranar muka sa doka, ba a bude komai a kicin sai mutum biyu sun karanta, mirin kuma mun maye gurbinsa da dan sukari da ruwan kombu, dandanon bai zama daya sak ba amma ya yi, kuma hankalinmu kwance.

Yuni damina ce a nan, furen ajisai ya cika ko'ina shudi da ruwan hoda, shi muka jera. Amma ganyensa guba ne, a 2008 an samu mutanen da suka kwanta ciwo a kasar nan bayan sun ci ganyen da aka yi wa faranti ado da shi a gidan abinci. Haka furen suisen na lokacin sanyi, ganyensa kamar nira, wani ganyen miya mai kama da lawashi, ana yawan samun masu rudewa su dafa. Tunda mu a daki daya muke abu biyun kuma da yara a tsakaninmu, mun raba tebur mun raba bokiti mun raba almakashi, abin da ya taba fure ba ya zuwa kusa da allon yanka. Dan Allah sababbin shigowa a kiyaye wannan.

Yuli da Agusta zafi ya yi tsanani, fure ba ya kwana biyu ya langabe, ga karancin shinkafar da aka yi a shaguna a Agusta wanda duk kun gani da idonku, sai muka koma taliyar somen mai sanyi. Amma watannin nan su suka fi faranta mana saboda kasuwa ta cika da 'yan gida, kubewa da suke ce wa okura, da lalo da suke ce wa moroheiya. Malama ta gwada mana nata, a dan tsoma a ruwan zafi a tsame a yayyanka a sa shoyu a ci da sanyinsa, mu kuma muka kada mata miyar lalo ba nama. Albasa da tafarnuwa ba sa shiga shojin ryori, mun bi wannan a girkin zama, a gida kowa ta san abin da take yi.

Satumba muka yi abin da ni a ganina shi ne aikin shekara, goma-dofu. Sunan kamar na tofu wato awara amma ba waken suya a ciki, ridi ne da garin kuzu, sitacin saiwar wani tsiro, da ruwa. An nika ridin a suribachi, kwanon kasa mai zane-zane a ciki, muna karba-karba har ya fitar da mai, aka dama da ruwa aka tace aka zuba kuzu aka dora a wuta. Daga nan sai tuki, ba tsayawa, wajen minti ashirin zuwa talatin, farko kamar koko sai ya fara kauri ya yi sheki yana bin muciya. Malama ta ce dalibanta a nan suke gajiya, sai ga Hajiya ta karbi muciyar ta tuke shi kamar tuwon dawa ba gudaji ko daya. Kuma ku sani kusan duk ridin da Japan ke ci daga waje take sayowa, Najeriya na cikin manyan masu sayar mata, 'yan Jigawa da ke cikinmu ranar bakinsu har kunne. Bikinsu na kallon wata na 2024 ya fado 17 ga Satumba, saboda haka muka jera susuki, ciyawa mai kama da gamba, da furen kiku, muka dafa satoimo dan uwan gwaza.

Nuwamba muka je baje kolin Ikenobo da suke yi duk shekara, hedkwatarsu na jikin gidan bautar Rokkakudo a tsakiyar Kyoto, su ne bangaren ikebana mafi dadewa, tun 1462 aka rubuta labarin furen Ikenobo Senkei. Salon rikka da muka gani ya fi karfinmu nesa ba kusa ba, mun dai cika ido. Disamba kabewa da lemon yuzu kamar yadda suke yi a ranar da dare ya fi tsawo, a tasa kuma reshen itacen matsu da jajayen 'ya'yan tsiron senryo. Janairu ba mu zauna ba, mura ta kwantar da yara da yawa. Fabrairu furen tsubaki a tasa, a tukunya kuma babban kabu na Shogoin, wata farar saiwa mai zagaye.

Maris azumi ya shigo sai muka juya tsarin, fure bayan la'asar, girki ya zama na buda baki. Reshen itacen momo da furen nanohana mai ruwan dorawa muka jera, nanohana din na ci kuma muka saya daban a wajen masu kayan miya muka kwada da ridi. Malama ta zauna tare da mu ba ta taba komai ba har aka kira magariba.

Abin da bai yiwu ba shi ne zuwa Koyasan, dutsen gidajen bautar Buda da ya yi suna da shojin ryori, da muka yi alkawari, kudin mota da kwana ya yi yawa ga dalibai, mun daga zuwa bana in an samu hali. Kenzan din kungiya ma bai isa ba mutum biyu ke raba daya, za mu kawo maganar karo wasu a taro. Sannan dan Allah makara, fure ba ya jiran mutum a bokiti.

Zama na gaba karshen Afrilu ne insha Allah, takenoko ya riga ya fito. Kowa ta zo da almakashinta da tawul da robar daukar saura, mai dusar shinkafa a gida ta taho mana da ita.

Taku,
Sakatariya