Kira ga matasanmu na Legas masu neman gurbin MBA

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin matasanmu na Agege, Idi-Araba da Obalende masu son digiri na biyu a fannin kasuwanci, wato MBA, ko a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko a Lagos Business School, ko a ƙasar waje.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne takardar sakamakon darussa daga tsohuwar jami'a. Jami'ar ce ke aika ta kai tsaye, kuma takan ɗauki watanni. Wanda ya yi karatu a Kano ko Zariya ya neme ta tun kafin a buɗe fom. Ya kuma duba sunansa: "Muhammad" a takardar digiri, "Mohammed" a ta NYSC ko fasfo, wannan kaɗai na iya tsayar da komai sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Masu nufin Amurka ko Ingila, makarantu da dama na neman GMAT, wato jarrabawar shiga makarantun kasuwanci: sassa uku, kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805, sakamakon na aiki shekara 5.

Wasiƙar shaida kuwa, wadda wani ke rubuta wa makarantar a kanka, a karɓo ta daga shugaban da ya ga aikinka da idonsa. Ta kawu mai babban muƙami wanda bai san aikinka ba, ba ta da nauyi a wajen makarantun.

Naku,
Wani mai karatu daga Agege, Legas