Zuwa ga Abba a Houston, kafin guguwar teku ta zo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yar amaryata. Mu nan Kano lafiya ƙalau, sai zafin bazara da ya ƙi sauka, ko da yake hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma-yamma. Hajiyarku tana gaishe ku.

Wannan ce daminarku ta farko a can, shi ya sa na zauna na rubuta maka, don magana ta waya iska ke kwashe ta. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atilantika yana farawa ran 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ƙarfinsa kuma daga tsakiyar Agusta ne zuwa Oktoba. Wani abu da zai ba ka mamaki, da yawa daga cikin manyan guguwoyin nan asalinsu daga wajenmu ne. Hadarin da kake gani yana tasowa daga gabas a Kano cikin damina, jerinsa ne ke ratsa Sahel ya nufi yamma har ya faɗa teku ta gaɓar Sanagal. Idan ya tarar da ruwan teku mai ɗumi, wajen digiri 26 zuwa 27 ko fiye, sai ya sha tururi ya fara juyawa, ya yi ta girma har ya ƙetare zuwa wajenku. Kada wannan ya sa ka ɗauka ka san shi. Abin da ke isowa can ya daɗe da daina zama hadarin da ka sani.

Bakano idan ya ji an ce guguwa, kwanon rufi yake tunawa da bishiyar darbejiya da ta faɗo kan katanga. A can ruwa ne ya fi kisa, ba iska ba, kuma wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka kafin komai. Kano tana sama da teku da fiye da mita 450. Houston kuwa shimfiɗaɗɗen fili ce, 'yan mitoci kawai ta ɗara teku, ƙasarta yumɓu ce da ba ta shan ruwa da wuri. Ruwan kuma iri biyu ne. Akwai na teku, wanda iska ke turowa kan tudu kamar an karkata kwarya. A guguwar Katrina ta 2005 ya kai wajen mita 8 a gaɓar Mississippi, shingayen tare ruwa na birnin New Orleans suka karye, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Galveston, wadda ba ta fi kilomita 80 daga wajenka ba, irin wannan ruwan ne ya cinye ta a 1900, mutum aƙalla 6,000 suka rasu. Akwai kuma na sama, kuma shi ne ya fi shafar unguwarka. Guguwar Harvey ta sauka a Agustan 2017 kusa da Rockport, can nesa da Houston, amma sai ta tsaya cak ta yi kwana huɗu tana zuba. Wurare da yawa a birnin sun sami fiye da mita ɗaya na ruwa, wato abin da ya fi na daminar Kano gaba ɗaya, a ƙasa da mako guda.

Saboda haka kada lambar da ake ba guguwa ta yaudare ka. Ana jera su daga mataki na 1 zuwa na 5, na 1 yana farawa daga gudun kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. Ƙarfin iska kaɗai wannan ma'aunin ke faɗa, bai san da ruwa ba. Beryl da ta shigo a Yulin 2024 mataki na 1 ce, amma fiye da gidaje da shaguna miliyan 2 suka rasa wuta, wasu har fiye da mako, mutane suka mutu saboda zafi bayan ta wuce. Haka nan taswirar da cibiyar sa ido kan guguwa ta Miami ke fitarwa duk bayan awa 6, mai kama da mazurari. Hanyar da tsakiyar guguwar za ta iya bi kawai take nunawa, ba faɗin ɓarnarta ba. Guguwa a ɓangarenku tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka gefenta na dama ya fi muni. In ka ga za ta sauka kudu maso yamma da Houston, kada ka ce ta kauce muku. Ku ne a mugun gefen.

Yanzu, tun sama tana garau, ka yi abu uku. Ka nemi taswirar kwashe mutane ta yankinku, wadda aka tsara bisa lambar gidan waya ta kowace unguwa, ka san ko kana ciki. Ka tambayi tsofaffin maƙwabta inda ruwa ya tsaya a ginin nan lokacin Harvey, don su ne za su gaya maka abin da mai gida ba zai so faɗa ba. Sannan ka duba takardar inshorarka. Inshorar ɗan haya ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai an sayi ta ambaliya daban, kuma ta gwamnati sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Wanda ya jira sai an raɗa wa guguwa suna ya makara.

Ruwan sha shi ne farkon tanadi. Lissafin shi ne lita 4 ga kowane mutum a rana. Ku uku ne, ka tanadi na mako guda, lita 84 ke nan, ka ƙara kaɗan saboda mai shayarwa ta fi kowa buƙata. Ranar da aka yi gargaɗi a wanke bahon wanka a cika shi, wannan na kora bayan gida ne da wanke-wanke, amma a rufe ƙofar banɗakin saboda yarinyar, don yaro yana nutsewa a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. Idan aka ce ruwan famfo ya gurɓata, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In babu wuta, a ɗiga ɗigo 8 na ruwan bilic marar ƙamshi a lita 4, a jira minti 30. In ruwan ya yi duhu a tace shi da tsumma mai tsabta, a ninka ɗigon. Kada ka zubar da ruwan sha wajen alwala in ya yi ƙaranci, addini ya ba ka taimama, ya kuma ba ka haɗa salla ranar wahala.

Abinci kuwa, wanda ba ya son wuta za ka nema, kuma a nan mun fi su sani. Garin kwaki da sukari da madarar gari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, zuma, kifin gwangwani. Ka sayi mabuɗin gwangwani na hannu. Firji in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi awa 4 bayan ɗauke wuta, firiza cikakkiya awa 48, in rabi ce awa 24. Don haka ka cika gurbin da robobin ruwa su daskare, za su riƙe sanyin, daga baya ku sha. Naman da ya narke ya ɗau ɗumi a zubar, ko nawa aka saye shi. Gudawa a garin da asibiti ya cika kuma hanya ta toshe ba ƙaramin abu ba ce.

Sauran kayan ka san su daga zaman Kano: tocila da batura, rediyo mai batir, abin cajin waya a cike, magani na sati biyu, kayan yarinya. Kyandir dai ka bar shi, gobara a daren da motar kashe gobara ba ta iya fitowa ta fi duhu sharri. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan takardu, domin in wuta ta tafi kati ba ya aiki. Fasfo ɗinku, takardun zama, takardar haihuwar yarinya, duk a sa su a leda mai zif, a ɗauki hotonsu a turo wa yayarka nan. Tankin mota kada ya sauka ƙasa da rabi daga Yuni har Nuwamba.

Sanarwa biyu ake yi. Ta farko awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, ma'anarta mai yiwuwa ne. Ta biyu awa 36, ma'anarta tana zuwa. Tsakaninsu za ka shigo da duk abin da ke baranda, kujera, tukunyar fulawa, keke, domin iska tana mayar da su makami. In akwai tagogin da za a rufe, katakon filawud mai kaurin wajen santimita ɗaya da rabi ake ɗaurawa da sukurori a jikin bango. Manna salatif a gilashi aikin banza ne, ba ya hana shi fashewa, sai dai ya sa ya fashe manya-manya. Kada kuma ka bar taga a buɗe wai don iska ta wuce. In ta sami shiga, rufin take ɗagawa daga ciki.

Maganar tafiya ko zama ita ce mai wuya, kuma ba na so ka yanke ta cikin firgici. In unguwarka tana cikin wuraren da hukuma ta ce a tashi, ka tashi a ranar, da safe, ba tare da jiran ganin abin da maƙwabci zai yi ba. Da zarar iska ta yi ƙarfi masu ceto ba sa fitowa, ko ka kira 911. In kuwa ba ka cikin wuraren, gininka mai ƙarfi ne kuma ruwa bai taɓa shigarsa ba, sau da yawa zama ya fi. A 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, tsoron guguwar Rita ya fitar da miliyoyin mutane daga Houston a lokaci guda. Motoci suka yi fiye da awa 20 a kan titi cikin rana, mai ya ƙare, kimanin mutum 100 suka rasu a wajen gudun, alhali guguwar ta karkata gabas. Don haka ka san tun yanzu gidan wa za ka sauka, a Austin ko San Antonio ko Dallas, ka yi magana da su, ka kuma san hanya ta biyu ban da babban titi.

In kun zauna, ɗakin da ba shi da taga a tsakiyar gida za ku shiga, da katifa a kusa don karewa. Za a iya kai wani lokaci da komai zai yi tsit, har sama ta buɗe. Idon guguwar ne ke wucewa. Kada ka leƙa waje. Bayan 'yan mintoci, ko awa ɗaya, iskar za ta dawo daga ɗaya gefen da cikakken ƙarfinta, ba tare da sallama ba. In ruwa ya fara shigowa, ka kashe babban makunnin wutar gidan tun ƙafarka tana kan busasshiyar ƙasa. In ta riga ta jiƙe, kada ka taɓa shi. Ku hau bene. In gidan ba shi da bene kuma ruwa yana ta hauhawa, kan rufin za ku hau, ba cikin silin ba. Mutane sun mutu a New Orleans a wannan lungun, ruwa ya biyo su babu mafita.

Mota kuwa, ina roƙonka da girman Allah. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da jif. Houston cike take da gadojin ƙasa irin ta Gadon Ƙaya, kuma da dare ba ka iya gane zurfin ruwan da ya kwanta a cikinsu. Da yawa daga waɗanda Harvey ta kashe a cikin mota ruwa ya same su. In ka ga ruwa ya rufe titi, ka juya, ko da gidanka kake hangowa.

Bayan ta wuce ma da saura. Janareto ka san shi tun kana yaro, ka kuma san labarin iyalan da ake tararwa da safe sun kwanta ba su tashi ba. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. A waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da a buɗe yake, ba kuma a baranda ba. Gawayi ma haka, ba a hura shi a ɗaka. Ka sayi na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar, mai batir, kuɗinta kaɗan ne. Duk wayar wuta da ka gani a ƙasa ka ɗauka da wuta a jikinta. Ruwan ambaliya haɗe yake da na masai da mai, akwai macizai, akwai jajayen tururuwa masu cizo da ke dunƙulewa suna yawo a samansa, don haka ba a shiga sai dole, kuma da takalmin roba. Zafin can da laima yake, gumi ba ya bushewa kamar namu, yarinya tana iya galabaita cikin awoyi kaɗan. In wuta ta wuce kwana biyu ba ta dawo ba, ka kai su wurin sanyaya jiki da hukuma ke buɗewa, ko ku bar garin. Kafin ka taɓa komai a gidan ka ɗauki hoton ɓarnar saboda inshora, sannan duk abin da ya jiƙe a fitar da shi cikin kwana biyu, in ba haka ba fumfuna za ta kama bango.

Layin waya yana cushewa a irin wannan lokaci, amma gajeren saƙo yana wucewa. Kada ka ƙarar da cajinka wajen amsa kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙa turo wa yayarka saƙo sau biyu a rana, ita za ta sanar da kowa. Muna gabanku da awa 6, asubarku azaharmu ta kusa, ka san Hajiyarku ba za ta sa komai a baki ba sai saƙon ya iso.

Ka karanta wa mai ɗakinka wasiƙar nan, don wataƙila ranar kana wajen aiki. In ka duba taswirar, ka gaya mini ko unguwarku tana ciki, da sunan garin da za ku nufa.

Allah ya tsare ku, ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
daga Kano