Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Bunƙasa Kiwo, Alhaji Idi Mukhtar Maiha

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne a kan yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta ƙulla da kamfanin JBS na ƙasar Brazil a watan Nuwamban 2024, lokacin taron G20 na ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki a Rio de Janeiro. An ce kamfanin zai zuba dala biliyan 2.5 ya gina masana'antu shida: uku na kaji, biyu na shanu, ɗaya na alade. Ma'aikatarka ce ke riƙe da akalar harkar kiwo, don haka kai ya dace a faɗa wa.

JBS shi ne kamfanin nama mafi girma a duniya, kuma halinsa ba ɓoyayye ba ne. A 2017 masu shi, 'yan'uwan nan biyu Joesley da Wesley Batista, sun amsa cewa sun bai wa 'yan siyasar Brazil fiye da 1,800 cin hanci, uwar kamfanin kuma ta yarda da biyan tarar riyal biliyan 10.3 na kuɗin ƙasar. A 2021 JBS ya yi shelar cewa nan da 2040 zai kai ga daina ƙara wa sararin samaniya gurɓatacciyar iska. A watan Fabrairun 2024 babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta maka reshensa na Amurka a kotu, tana mai cewa yaudarar masu saye ce kawai, babu wani tsari na cika alƙawarin. Hukumar kare muhalli ta Brazil ma ta ci shi tara saboda sayen shanun da aka kiwata a filayen da aka sare dajin Amazon ba bisa ƙa'ida ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne irin aikin da manyan kamfanonin nama irinsa ke yi a tarukan sauyin yanayi. A taron COP28 na Dubai a 2023, kamfanonin nama da madara sun tura wakilai fiye da ɗari, JBS na ciki. Kafin nan, a 2021, wasu takardu da suka fita sun nuna yadda Brazil da Ajantina suka matsa wa kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya lamba ya cire batun rage cin nama daga rahotonsa. Dalili a fili yake. Duk lokacin da saniya ke tuƙa tana gyatsa, iskar metan take fitarwa, iskar da cikin shekara 20 ta ninka ta kabon wajen ɗumama duniya kusan sau 80. Hukumar abinci ta FAO ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo ne ke samar da kashi 14.5 cikin ɗari na iska mai ɗumama duniya da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa.

Akwai kuma wata dabara da nake roƙon jami'anka su sa wa ido. Masu wannan sana'a suna ta tallar wani sabon ma'auni mai suna GWP*, wanda ya fi duba ƙaruwa ko raguwar metan fiye da yawanta. Idan aka ɗora lissafi a kansa, ƙasar da ta daɗe da tara garke mai ɗimbin yawa, muddin ba ta ƙara ba, sai ta fito kamar ba ta da laifi. Ƙasa irin tamu kuwa, da ke son dabbobinta su ƙaru, ita ce za ta zama mai laifin. Wanda ya cinye tuwon ya wanke hannu, wanda ya zo kankarar tukunya a kama shi.

Duk da haka, idan aka taso su da maganar muhalli, da mu suke fakewa. Sai su ce ai yaran Afirka na buƙatar nama, ai makiyaya da kiwo suke rayuwa. Gaskiya ne, kusan yara huɗu cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. To amma Ba'amurke yakan ci nama sama da kilo 100 a shekara, ɗan Najeriya bai kai kilo 10 ba. Bafulatanin da ke kora shanu talatin a dajin Adamawa ba shi ya ƙona Amazon ba, kuma shi ne fari da ƙarancin wurin kiwo ke fara kassarawa.

Ni ba na cikin masu cewa a bar nama. A Turai ma, inda kantuna ke cike da madadinsa, yana yi wa mutane wuya, balle nan da rago ke tsakiyar layya da suna, ga mahauta da masu tsire da masu kilishi da 'yan kamasho a karar Potiskum da Maigatari, duk da shi suke ci da iyali. Ballantana talaka tsada ta riga ta raba shi da nama ba tare da an yi masa wa'azi ba. Duba yadda awara ta cika lunguna, ganda ta zama naman miya. Wanda ya kamata ya rage yana can inda ake cin nama safe, rana da dare, kuma kasuwarsa kamfanonin nan ke karewa.

Ranka ya daɗe, Najeriya ta sa hannu a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 kan alƙawarin rage metan a duniya da kashi 30 cikin ɗari nan da 2030. Kada wakilanmu su je taro su maimaita bakin kamfani da sunan makiyayi. Kuma a fito da takardar yarjejeniyar JBS kowa ya karanta: filin wa za a ba su, burtali da wuraren kiwo na ciki ko babu, ruwan ina za su sha, a hannun makiyayanmu za su sayi shanu ko nasu garken za su kafa, kuma wa zai riƙa auna abin da suke fitarwa? A kira shugabannin makiyaya da na mahauta a karanta musu da Hausa da Fulatanci tun kafin a aza tubalin farko.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Kano