Gudu da ɗaga ƙarfe a haɗe: a rage nauyi tun kafin haki ya zo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarku kan wani atisaye da ya shiga ran samarinmu a Garwa da Marwa: a yi gudu, a dawo a ɗaga ƙarfe, a sake fita gudu ba tare da hutu ba. Mu da ke horar da masu motsa jiki ba mu ƙi shi ba, don yana gina numfashi da ƙarfi a lokaci guda. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓen nauyi.

Ga wani sanannen tsari na CrossFit, wato salon motsa jiki mai haɗa atisaye iri-iri, da ake kira Nancy: gudun mita 400, sai tsuguno 15 da ƙarfe ɗage bisa kai, har zagaye 5. Nauyin maza kilo 43 ne, na mata kusan 30. Saurayin da ya saba da kilo 80 zai ji wannan ya yi dariya. Amma a haɗa lissafi, gudun kilomita 2 ne da tsuguno 75, kuma kowane ɗagawa yana zuwa ne a kan haki.

Abin da ke tallafe ƙashin baya lokacin ɗaga nauyi shi ne iskar da mutum ya cika cikinsa da ita, ya riƙe, ya ɗaure tsokar ciki. Wanda ya dawo daga gudu yana haki ba ya iya riƙe numfashin nan. Sai ƙugu ya lanƙwashe, diddige ya bar ƙasa, gwiwoyi su karkato ciki, sandar ƙarfen ta rinjaya gaba. A zagayen farko ba a ganin komai, shi ya sa ake ruɗuwa. A na uku ko na huɗu ne baya ke amsawa.

Don haka a ɗauki kusan rabin abin da mutum ke iya ɗagawa sau ɗaya. Gwajinsa mai sauƙi ne: kafin a yi gudu, in ba za ka iya ɗaga shi sau 15 a jere ba, kuma da sauran ƙarfi a jikinka, ya yi maka yawa. Gudun ma kada a fara shi kamar an biyo ka. A tafi da saurin da za a iya furta kalma uku ko huɗu, in an iso gaban ƙarfe a ja numfashi biyar kafin a kama shi. Sabon shiga ya fara da mita 200, zagaye 3, da sanda zalla, wadda ta maza kilo 20 ce, ta mata 15. Ya ɗora ta a ƙirji ko bayan wuya, ya bar ɗagawa bisa kai sai kafaɗa ta saba. Sau biyu a mako ya wadatar, da kwana biyu a tsakani.

Sai batun ƙarfen gida, wanda yawancin unguwanninmu shi suka dogara da shi: bututu da gwangwani biyu cike da siminti, ko tarkacen mota da mai walda ya haɗa. Ba laifi ba ne, amma da wuya gefe biyu su zo daidai. A kai su kan sikelin kasuwa. Bambancin kilo 2 ba ya damun mai hutu, amma wanda ya gaji, jikinsa zai riƙa karkata gefe ɗaya har sau 75. A sa alamar fenti a tsakiyar sanda, a kuma ɗaure faifan da ke zamewa. Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne, mai taushin ƙasa sosai ma yana sa ƙafa rawa ƙarƙashin nauyi.

Waɗanda suka tsara irin wannan atisaye ba su san bazarar Garwa ba, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. A yi shi bayan sallar asuba, ko da yamma liƙis. Mai aiki tuƙuru cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa guda. A auna jiki kafin farawa da bayan gamawa, duk kilon da ya ragu kusan litar ruwa ce da za a mayar, da ɗan gishiri a abinci. Mai azumi ya jira bayan buɗa-baki.

In bayan kwana ɗaya ko biyu cinyoyi suka kumbura, ciwon ya wuce na gajiya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to tsoka ce ta lalace, abin da ta saki yana cutar da ƙoda. Kada a sayi magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen a bakin titi, suna ƙara wa ƙodar wahala. A tafi asibiti a ranar, a gaya wa likita irin atisayen da aka yi.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da 'yan motsa jiki,
Garwa, Kamaru.